Yadda Ake Tantance Babbar Lamba: Mu Buɗe Cikin 453,096 Mataki-Mataki

Idan aka rubuta wa mutum lamba mai alƙaluma shida aka ce ya faɗi halinta, galibi abin da zai iya cewa bai wuce cika ce ko mara ba, daga nan sai ya yi shiru. Alhali kowace lamba, komai girmanta, tana da tsatso, tana da dangin da take ciki, kuma akwai hanyar da ake bi a gano su da takarda da fensir. Na zaɓi 453,096 don mu yi aiki da ita daga farko har ƙarshe, saboda a ganina an fi koyon wannan aiki idan aka riƙe lamba ɗaya aka bi ta har ƙuryar ɗaki. Hanyar da za mu bi tana aiki a kan kowace cikakkiyar lamba, wato wadda ba ta da gutsure.

Abin da kake bukata shi ne takarda, fensir, ƙaramar kalkuleta idan akwai, da kuma jerin lambobin asali na farko. Lambar asali, wadda a makaranta ake ce wa firam, ita ce lambar da ta wuce 1 kuma babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Rubuta su a saman takardarka: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47. Duk wadda ta wuce 1 kuma ba ta asali ba ce, ana kiranta haɗaɗɗiya.

Mataki na ɗaya: auna girmanta

Kafin ka fara rabawa, nemi tushen murabba'inta, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da lambarmu ko kusa da ita. Ana yin haka da lalube. 600 × 600 ya ba da 360,000, ya yi kaɗan. 700 × 700 ya ba da 490,000, ya wuce. 670 × 670 shi ne 448,900, an matso. 673 × 673 ya ba da 452,929, sannan 674 × 674 ya ba da 454,276. Ke nan lambarmu tana tsakanin waɗannan biyun.

Amfanin wannan shi ne ya shata maka iyakar aikinka. Idan lamba haɗaɗɗiya ce, za a iya rubuta ta a matsayin wata lamba sau wata, kuma ba zai yiwu dukansu biyu su wuce tushen murabba'in ba, don da sun wuce, da sakamakonsu ya zarce lambar. Saboda haka ko da 453,096 ta yi taurin kai, ba za ka gwada komai sama da 673 ba. Lambobin asali daga 2 zuwa 673 guda 122 ne kacal.

Mataki na biyu: tambayi alƙaluman

Akwai gwaje-gwajen da ido kaɗai ke yi. Fara daga wutsiya. Alƙalamin ƙarshe 6 ne, don haka lambar cika ce, 2 na raba ta. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka 5 ba ya raba ta. Alƙaluma biyun ƙarshe 96 ne, 4 na raba 96, ke nan yana raba lambar gaba ɗaya. Alƙaluma ukun ƙarshe 096 ne, 8 sau 12 shi ne 96, ke nan 8 ma na raba ta. Dalilin da ya sa wutsiya kaɗai ta isa shi ne 1,000 daidai yake da 8 × 125, don haka duk dubban da ke gaba sun riga sun rabu da 8, abin da ya rage a duba shi ne ragowar. Ga 16 sai a duba alƙaluma huɗu: 3,096 ÷ 16 ya bar saura 8. A nan biyu-biyun suka tsaya.

Sai ka tara alƙaluman: 4 + 5 + 3 + 0 + 9 + 6 = 27. Tunda 9 na raba 27, to 3 da 9 duk suna raba lambar. Wannan yana aiki ne saboda 10, 100, 1,000 da sauransu kowanne yana barin saura 1 idan aka raba shi da 9. A kula da wani tarko a nan: jimlar ta zo 27, amma hakan bai nuna cewa 27 na raba lambar ba. Dokar ta tsaya ne a 3 da 9.

Gwajin da na fi ƙauna shi ne na 7, 11 da 13 a lokaci guda. Idan ka ninka su ukun, 7 × 11 × 13, za ka sami 1,001, wato dubu da ɗoriyar ɗaya. Saboda haka sai ka yanka lambar gida uku-uku daga dama, ka ɗebe wani yanki daga wani: 453 − 96 = 357. Duk wanda ya raba 357 cikin ukun nan, ya raba lambar asali. 7 × 51 = 357, ya shiga. 11 ya bar saura 5, 13 ya bar saura 6, ba su shiga ba. Idan lambar ta fi alƙaluma shida, sai a riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi, yanki bayan yanki.

Mataki na uku: sauka daga tsani

Yanzu ja layi a tsaye a takarda. A hagu ka rubuta lambar asalin da kake rabawa da ita, a dama ka rubuta sakamako, ka riƙa sauka:

453,096 ÷ 2 = 226,548
226,548 ÷ 2 = 113,274
113,274 ÷ 2 = 56,637
56,637 ÷ 3 = 18,879
18,879 ÷ 3 = 6,293
6,293 ÷ 7 = 899

Kada ka bar lambar asali sai ka tabbatar ta daina shiga. Alƙaluman 6,293 sun taru sun ba da 20, ke nan 3 ta gama aikinta. 899 ÷ 7 ya bar saura 3, ke nan 7 sau ɗaya ta shiga. Ka lura kuma da yadda iyakar aikin ta rushe: da muna maganar gwaji har 673, yanzu da ya rage 899, tushen murabba'inta bai kai 30 ba.

Mataki na huɗu: ragowar da ke kama da lambar asali

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma ni kaina na taɓa yinsa da wannan 899 ɗin. Na gwada 11, saura 8. Na gwada 13, saura 2. 17 ya bar 15, 19 ya bar 6, 23 ya bar 2. Da na ga biyar a jere sun ƙi, sai zuciyata ta yanke cewa lambar asali ce, na rubuta haka na ci gaba, kuma duk lissafin da na ɗora a kai ya lalace. Saura gwaji ɗaya tak ya rage mini kafin iyaka, wato 29, kuma shi ne ya shiga: 29 × 31 = 899. Tun daga ranar nake rubuta iyakar a gefen takarda in zagaye ta, ba na tsayawa sai na taɓa ta.

Akwai wata hanya da ta fi sauri a irin wannan hali, wadda ake jingina wa Pierre de Fermat, masanin lissafi na Faransa a ƙarni na 17. Duba murabba'in da ke sama da lambar kaɗan. 30 × 30 = 900, kuma 900 − 899 = 1, shi ma 1 murabba'i ne. Duk lambar da ta zama bambancin murabba'i biyu tana rabuwa nan take: (30 − 1) × (30 + 1), wato 29 × 31. Dabarar tana da ƙarfi idan masu raba lambar suna kusa da juna, daidai wurin da gwaji ɗaya bayan ɗaya ya fi wahalarwa. Idan bambancin farko bai zama murabba'i ba, sai a hau zuwa 31 × 31, 32 × 32, a ci gaba.

Ga tsatson lambarmu ke nan:

453,096 = 2³ × 3² × 7 × 29 × 31

Ninka su ka tabbatar: 8 × 9 = 72, sau 7 ya zama 504, sannan 504 × 899 = 453,096. Wannan rubutu ɗaya ne tilo ga wannan lamba. Ko ta ina ka fara rabawa, nan za ka iso. Tushen wannan gaskiya yana cikin aikin Yuklid na Girka tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Carl Friedrich Gauss na Jamus ya kawo cikakkiyar hujjarta a 1801. Daga wannan layi ɗaya kusan duk sauran siffofin lambar za su fito, shi ya sa ya cancanci a ɓata masa lokaci.

Wasu suna fitowa ba wahala. Haɗaɗɗiya ce. Lambobin asali daban-daban biyar ne a cikinta, idan kuma aka ƙirga da maimaici, takwas ne. Tunda 4 da 9 suna raba ta, ba ta cikin dangin lambobin da babu murabba'i a cikinsu.

Mataki na biyar: masu raba ta, yawansu da jimlarsu

Lambobi nawa ne ke raba 453,096 ba saura? Ba sai ka jera su ba. Ka yi tunanin kana haɗa mai raba ta da hannunka daga kayan da ke cikin tsatson. Daga biyu-biyun nan uku, kana iya ƙin ɗaukar ko ɗaya, ko ka ɗauki ɗaya, biyu ko uku: zaɓi huɗu. Daga uku-ukun, zaɓi uku. Ga 7, 29 da 31, ko ka ɗauka ko ka bari: zaɓi biyu kowanne. Sai ka ninka: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 = 96. Dokar a taƙaice ita ce a ƙara 1 a kan yawan maimaicin kowace lambar asali, a ninka su. Cikin 96 ɗin har da 1 da lambar kanta.

Jimlarsu ma haka take fitowa. Ga kowace lambar asali ka tara zaɓuɓɓukanta: 1 + 2 + 4 + 8 = 15, sai 1 + 3 + 9 = 13, sai 1 + 7 = 8, 1 + 29 = 30, 1 + 31 = 32. Ninka su a hankali: 15 × 13 = 195, sau 8 ya zama 1,560, sau 30 ya zama 46,800, sau 32 ya zama 1,497,600. Cire lambar kanta, ya rage 1,044,504.

Wannan adadi shi ke nuna gidan da lambar take cikin wani tsohon rabo da Nicomachus ya bayyana wajen shekara ta 100 miladiyya. Idan jimlar masu raba lamba, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6 da ke daidai da 1 + 2 + 3, da 28, 496 da 8,128. Idan jimlar ta gaza, tauyayya ce, kuma duk lambobin asali nan suke tunda jimlarsu 1 ce. Idan ta zarce, mai yalwa ce, kuma 12 ce ta farko a wannan gida. Tamu mai yalwa ce ƙwarai, don 1,044,504 ya ninka ta biyu har da ɗori.

Da ma akwai gajeriyar hanya: duk lambar da kammalalliya ke rabawa, in dai ta fi kammalalliyar girma, mai yalwa ce. Tunda 6 na raba 453,096, an gama magana tun a mataki na biyu. Wannan gajeriyar hanya tana amsa wata tambayar ma. Akwai lambobin da ake kira aminan juna, irin 220 da 284, inda jimlar masu raba kowace ke ba da ɗayar. Thabit ibn Qurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza a ƙarni na 9. Shin tamu tana da aminiya? Sai dai idan masu raba 1,044,504 sun taru sun dawo 453,096. Amma 1,044,504 cika ce, alƙalumanta sun taru sun ba da 18, ke nan 6 na raba ta, ita ma mai yalwa ce, jimlarta sama za ta yi. Babu aminiya.

Wani abu da ke burge ni a wannan fage shi ne yadda tambaya mai sauƙin faɗa ta gagari kowa. Duk kammalallun lambobin da aka sani cika ne, guda 52 zuwa ƙarshen 2024, kuma har yau ba a samu kammalalliya mara ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba.

Ƙidaya ta uku da tsatson ke bayarwa ita ce ta Leonhard Euler: lambobi nawa ne daga 1 zuwa lambarmu waɗanda ba su haɗa wani mai rabawa da ita ba sai 1? Ga kowace lambar asali, ka rage mata 1, sannan idan ta maimaitu ka ninka da ragowar maimaicin. 2³ ya ba da 1 × 4 = 4. 3² ya ba da 2 × 3 = 6. Sai 6, 28 da 30. Ninkinsu: 4 × 6 × 6 × 28 × 30 = 120,960. Wannan ƙidaya ce ke cikin zuciyar tsarin ɓoye saƙo na RSA, za mu dawo kansa.

Mataki na shida: siffar lambar

Murabba'i ce? Mataki na ɗaya ya riga ya ce a'a, tunda ta faɗa tsakanin 673² da 674². Amma dubi yadda take iya yaudarar gwajin ido. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, tamu ta ƙare da 6, ta wuce. Murabba'in da ya ƙare da 6 dole alƙalamin da ke gabansa ya zama mara, tamu 9 ne, ta wuce, kamar yadda 4,096 yake 64 × 64. Idan aka yi ta tara alƙaluman murabba'i har su koma ɗaya, ana samun 1, 4, 7 ko 9, tamu 27 ta koma 9, ta sake wucewa. Irin waɗannan gwaje-gwaje suna iya kore lamba, ba sa iya tabbatar da ita. Tsatso ne ke yanke hukunci: a murabba'i kowace lambar asali tana maimaituwa sau cika, a nan kuwa 2 ta zo sau uku, 7, 29 da 31 sau ɗaya-ɗaya. Tsatson har yana gaya maka abin da ya rage: ninka ta da 2 × 7 × 29 × 31, wato 12,586, za ta zama murabba'i.

Lambar alwatika ita ce jimlar 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri, kamar 10, 15, 21. Gwajinta: ninka da 8, ƙara 1, ka ga ko murabba'i ne. 453,096 × 8 + 1 = 3,624,769, wanda ya faɗa tsakanin 1,903² (3,621,409) da 1,904² (3,625,216). Ba ta alwatika ba ce.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce ko za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'ai. Ga murabba'i biyu, duba lambobin asalin da ke barin saura 3 idan an raba su da 4: a tsatsonmu su ne 3, 7 da 31. Sharaɗin shi ne kowannensu ya maimaitu sau cika. 3 ta cika sharaɗi, 7 da 31 ba su cika ba, don haka kada ka wahalar da kanka da nema, babu. Ga murabba'i uku akwai ƙa'idar Adrien-Marie Legendre: yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi, idan abin da ya rage ya bar saura 7 a rabawa da 8, ba zai yiwu ba, in ba haka ba zai yiwu. 453,096 ÷ 4 = 113,274, wanda 4 ba ya rabawa, kuma saurarsa a kan 8 ita ce 2. Ke nan akwai. Don samo su, cire murabba'in da ke ciki tukuna: lambarmu 36 × 12,586 ce. Ɗebe 112² daga 12,586, ya rage 42, ba ya rabuwa murabba'i biyu. Ɗebe 111², wato 12,321, ya rage 265, wanda yake 256 + 9, wato 16² + 3². Ninka 111, 16 da 3 da 6 kowanne:

666² + 96² + 18² = 443,556 + 9,216 + 324 = 453,096

Murabba'i huɗu kuwa ba ya bukatar gwaji, don Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace cikakkiyar lamba da ba ta gaza sifili ba tana rubutuwa haka.

Mataki na bakwai: rarrabe jiki da riga

Duk abin da muka gano zuwa yanzu na jikin lambar ne, ba ya canzawa ko da wane tsari aka rubuta ta. Akwai kuma siffofin da suka rataya ga tsarin goma-goma da muke rubutu da shi, kamar riga. Karanta ta daga baya ya ba da 690,354, ke nan ba ta cikin masu karantuwa iri ɗaya gaba da baya. Akwai dangin da D. R. Kaprekar na Indiya ya raɗa wa suna harshad, wato lambar da jimlar alƙalumanta ke raba ta. Tamu ba ta ciki, 453,096 ÷ 27 ya bar saura 9. Waɗannan suna da daɗin wasa, amma ina ba da shawarar a ajiye su a gefe guda na takarda, kada a ba su nauyi ɗaya da na jiki.

Don canza mata riga zuwa tsarin biyu-biyu na kwamfuta, yi ta raba ta da 2 kana rubuta saura, 0 ko 1, har ta ƙare, sannan ka karanta saurar daga ƙasa zuwa sama. Za ka sami 1101110100111101000, alƙaluma 19. Dubi sifili ukun da ke wutsiya: su ne 2³ ɗin da muka gani a tsatso. A tsarin sha shida-sha shida kuma ana rubuta ta 6E9E8.

Idan lambar ta fi ƙarfin takarda

Lamba mai alƙaluma shida tana da sauƙin kai. Mai alƙaluma ashirin tana da tushen murabba'i mai alƙaluma goma, gwaji ɗaya bayan ɗaya da hannu ya zama aikin shekaru. Fermat ya yi zaton 4,294,967,297 lambar asali ce, sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 2⁶⁷ − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287, da lissafin hannu.

A wannan matsayi tambaya ta rabu biyu: ko lambar ta asali ce, da kuma su wane ne ke raba ta. Ta farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙaramar ƙa'idar Fermat ta 1640 ta ce idan p lambar asali ce da ta wuce 2, to 2 da aka ninka da kansa sau p − 1 zai bar saura 1 idan aka raba shi da p. Idan saurar ba 1 ba ce, lambar haɗaɗɗiya ce tabbas, ko da ba ka san mai raba ta ko ɗaya ba. Idan 1 ce, kada ka yi saurin amincewa: 341, wato 11 × 31, tana tsallake gwajin da 2, sannan 561, wato 3 × 11 × 17, tana tsallake shi ko da an sauya 2 ɗin da kowace lambar da ba ta haɗa mai rabawa da ita ba sai 1. Shi ya sa manhajojin lissafi ke amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda ya toshe wannan kafa, kuma ake maimaita shi da lambobi daban-daban har shakka ta zama ƙanƙanuwa ainun. A 2002 Agrawal, Kayal da Saxena a Kanpur ta Indiya suka kawo hanyar da ke ba da tabbaci cikakke cikin lokacin da ba ya tashi fiye da kima yayin da alƙaluma ke ƙaruwa. Ga lambobi masu siffar 2 da aka ninka sau da yawa aka cire 1 akwai gwaji na musamman, da shi aka tabbatar da 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1 a watan Oktoba na 2024, mai alƙaluma 41,024,320.

Tambaya ta biyu, wato fito da tsatson, har yau tana da tsada. Tsarin RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977, ya dogara ne a kan haka: a ninka manyan lambobin asali biyu a bayyana sakamakon, wanda ya san su biyun zai lissafa ƙidayar Euler nan take kamar yadda muka yi a mataki na biyar, wanda bai sani ba sai ya fasa lambar tukuna. A 2020 wata tawagar masana ta fasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250 bayan ta haɗa ƙarfin kwamfutoci masu yawan gaske, alhali makullan RSA da ake amfani da su a intanet yau galibi suna da alƙaluma 617.

Idan ka ba manhaja lamba mai alƙaluma goma sha biyar ko ashirin ta fito maka da tsatsonta, ninka abin da ta ba ka ka ga ya dawo daidai, sannan ka ɗauki tsatson ka koma mataki na biyar da na shida. Yawan masu raba ta, jimlarsu, gidan da take ciki da batun murabba'ai duk za su fito da hannunka, da lissafin da bai fi wanda muka yi wa 453,096 wahala ba.